Tambayoyi da Amsoshi Kan Zaɓen Jak Ga Mai Haɗa Sintesaiza Mai Sassa-sassa a Gida

Sintesaiza mai sassa-sassa na'urar kiɗa ce da ba a haɗa cikinta dindindin ba. Kowane sashe yana da aikinsa: osileta tana haifar da sauti, filta tana tace shi, amfilifaya tana ɗaga shi ko ta sauke shi, sannan mai kiɗa ne yake haɗa wannan da wancan da gajerun wayoyi da yake sokawa a ramukan da ke fuskar na'urar. Waɗannan ramuka su ne jak, abin da ake sokawa kuwa shi ne fulogi. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi tasowa ga wanda ya ƙudurta haɗa irin wannan na'ura da hannunsa.

Me ya sa ake cewa a yanke shawarar jak tun kafin a zaɓi da'irar farko?

Saboda ita ce shawarar da ta fi kowace wahalar warwarewa. Idan da'irar filta ba ta yi wa mutum daɗi ba, zai iya cire ta ya sa wata ba tare da ya taɓa sauran sassan ba. Jak kuwa shi ne yake ƙayyade girman ramin da za a huda, da tazarar da ke tsakanin ramuka, da faɗin fuskar kowane sashe, da girman akwatin baki ɗaya, da irin wayoyin da za a tara, har ma da irin na'urorin wasu mutane da za a iya haɗawa da su kai tsaye. Wanda ya huda fuskoki goma sannan ya sauya ra'ayi, sai dai ya sake yanko sabbin fuskoki. Bugu da ƙari, babu wani abu a cikin na'urar da hannu yake wahalar da shi kamar jak, domin rezista tana zaune ne lafiya a bayan fage, shi kuwa jak kullum cikin soka da zarewa yake.

Nau'i nawa ake amfani da su, kuma daga ina kowanne ya samo asali?

Manyan nau'o'in uku ne. Na farko shi ne babban jak mai kaurin milimita 6.35, wato rubu'in inci, wanda aka gada daga allunan haɗa layin tarho na ƙarshen ƙarni na 19, kuma shi ne dai wanda ke jikin jita ta lantarki da miksa. Da shi Robert Moog ya yi na'urorinsa a Amurka daga shekarar 1964, kuma tsarin da ake kira 5U yana bin sawunsa har yau. Kamfanin Korg na Japan ma da shi ya fito da MS-20 a 1978.

Na biyu shi ne ƙaramin jak mai milimita 3.5, wanda ya fara bayyana tare da iyafis na ƙananan rediyoyi a shekarun 1950. Ya samu gindin zama a wannan fanni ne bayan da Dieter Doepfer na Jamus ya fito da tsarin A-100 a tsakiyar shekarun 1990, tsarin da yanzu aka sani da Eurorack. Tsayin fuskar sashe a wannan tsari milimita 128.5 ne, ana kuma auna faɗi da ma'aunin HP, wanda kowane ɗaya yake daidai da milimita 5.08. A yau mafi yawan sassan da ake sayarwa a duniya na wannan tsari ne.

Na uku shi ne banana mai milimita 4, irin wanda ke jikin mita da kayan ɗakin gwaji. Don Buchla na Kalifoniya ya yi amfani da shi don siginar sarrafawa, wato wutar da wani sashe ke aikawa don ya juya aikin wani sashe, ya ware wa sauti wani jak daban, shi kuwa Serge Tcherepnin a farkon shekarun 1970 ya mayar da komai kan banana. Akwai kuma na'urorin da suka guje wa waya gaba ɗaya, kamar VCS3 ta kamfanin EMS na Ingila ta 1969, wadda ake haɗa sassanta ta hanyar soka ƙananan filoli a wani allo mai layi-layi, amma ba kasafai mai gini a gida yake bin wannan hanya ba.

Tsakanin 3.5 da 6.35, wanne ya fi?

Ta fuskar sauti babu bambancin da kunne zai ji, kuma duk wanda ya ce babban jak ya fi ba da sauti mai kauri, to, kaurin yana cikin da'irar da ke bayan jak ɗin ne. Bambancin na hannu ne, da wuri, da aljihu.

Ƙaramin jak yana ba da damar cusa abubuwa da yawa a ɗan wuri. A fuska mai faɗin HP 4, wato kimanin santimita 2, ana iya jera jak biyu gefe da gefe, alhali babban jak guda ɗaya ya isa ya cinye wannan faɗin. Wanda yake da niyyar sayen wasu sassa na kamfani ya haɗa da nasa, ko yake son ya sayi allon da'ira da wani ya riga ya zana, kusan dole ne ya bi 3.5, domin a nan kasuwar take. Sai dai cunkoson yana da tsada irin tasa: idan wayoyi suka yi yawa, yatsa ba ya samun hanyar isa ga maɓallin murɗawa, kuma kuskuren rabin milimita wajen huda rami yana iya hana fuska zama a kan allo.

Babban jak yana da ƙarfin riƙo, ƙafafunsa manya ne da ba sa wahalar da mai koyon liƙa dalma, kuma fuskarsa mai faɗi tana yafe wa wanda ke huda da hannu. Saboda wannan ne Sam Battle na Ingila, wanda aka fi sani da Look Mum No Computer, ya gina tsarinsa na Kosmo a kan babban jak da fuska mai tsayin santimita 20, amma ya riƙe wutar volt +12 da -12 irin ta Eurorack, don a iya amfani da da'irori iri ɗaya. A ganina, wanda zai yanka fuskokinsa da kansa, ya huda su da ƙaramin injin huda, kuma yake nesa da shagunan da suka ƙware a wannan fanni, babban jak ya fi dacewa da shi. Dalilin da ya fi nauyi shi ne waya. A kasuwanni irin su Sabon Gari a Kano ko Alaba a Legas, fulogi da jak na 6.35 kayan yau da kullum ne wurin masu sayar da kayan lasifika, ita kuwa wayar 3.5 da aka fi samu ta sitiriyo ce ta haɗa wayar salula da rediyon mota, ba irin wadda wannan na'ura take so ba.

Banana fa? Ba ta da layin ƙasa, ta yaya take aiki?

Wayar banana silli ɗaya ce, ba ta da rigar kariya, ba ta kuma ɗauke da layin ƙasa, wanda masu gyaran lantarki suke kira at. Tana aiki ne saboda dukkan sassan da ke cikin akwati sun riga sun haɗu a layin ƙasa guda ta hanyar wutar da ke ciyar da su, kuma siginar tana da ƙarfi sosai, tana kaiwa volt da yawa, ba kamar ta makirufo ba da 'yar ƙaramar hayaniya take iya rinjaya. Babbar fa'idarta ita ce kowane fulogi yana da rami a bayansa, don haka ana iya ɗora ɗaya a kan ɗaya a raba sigina guda zuwa wurare uku ko huɗu ba tare da wani sashe na musamman ba. Jak ɗinta kuma launi-launi ne, abin da ya ba Serge damar bambanta ayyuka da ido: shuɗi na siginar sarrafawa, baƙi na siginar da ke kaiwa da komowa kamar sauti, ja kuma na bugun da ke tayar da wani sashe.

Aibinta biyu ne. Jak ɗin banana na yau da kullum ba shi da makunni a ciki, saboda haka duk haɗin ɓoye da ake so, wato haɗin da aka yi ta bayan fuska wanda ke aiki ba tare da an soka waya ba, sai an sa masa makunni na hannu. Na biyu, idan akwatuna biyu ne masu wuta daban-daban, wajibi ne a ja waya ta musamman a haɗa layukan ƙasansu, in ba haka ba siginar ba za ta sami ma'auni guda ba, kuma muryar osileta za ta riƙa yawo.

Mene ne TS da TRS, kuma wanne zan saya?

Fulogin TS yana da ɓangare biyu, tsini da gangar jiki, da baƙin zobe ɗaya na roba a tsakaninsu. Tsinin ne ke ɗaukar sigina, gangar jikin kuma ita ce layin ƙasa. Fulogin TRS yana da ƙarin zoben ƙarfe a tsakiya, don haka layukan roba biyu ake gani a jikinsa. Don haɗa sashe da sashe, TS ake so a jak da waya baki ɗaya.

Cakuɗa su yakan yi aiki wani lokaci, ya ƙi wani lokaci, kuma wannan rashin tabbas ɗin shi ne matsalar. Idan aka soka fulogin TS a jak na TRS, ƙafar zobe za ta haɗu da layin ƙasa, wanda ba laifi ba ne muddin ba a ɗora wata sigina a kanta ba. Idan kuwa fulogin TRS aka soka a jak na TS, sakamakon ya danganta da inda harshen layin ƙasa yake taɓawa a cikin jak ɗin: in a kan gangar jiki ya sauka, lafiya lau, in kuma a kan zobe ya sauka, rigar kariyar wayar ta tashi aiki. Wurin da TRS yake da halaccin zama shi ne mafitar iyafis, da mafita ta ƙarshe zuwa miksa, da kuma mashigar MIDI ta ƙaramin jak, wato hanyar da na'urorin kiɗa na lantarki suke aika wa juna umarni. A nan ma a kula, domin tsarin wayar MIDI ta TRS iri biyu ne, A da B, kuma nau'in A ne ƙungiyar MIDI ta amince da shi a matsayin ma'auni a 2018.

Jak ɗina na TS ne amma ƙafafunsa uku. Mene ne aikin ta ukun?

Wannan ƙafar makunni ce, kuma ita ce abu mafi amfani da mai gini zai fahimta a jikin jak. Idan babu fulogi a ciki, wani siririn harshe na ƙarfe yana jingine da harshen tsini, don haka ƙafafun biyu a haɗe suke. Da zarar fulogi ya shiga, sai ya ture harshen tsini gefe, haɗin ya rabu. Ana gane ƙafafun cikin sauƙi da mita: a sa ta a wurin da take ƙara idan waya biyu suka haɗu, a taɓa ƙafafu biyu-biyu. Biyun da suka sa mitar ta yi ƙara alhali ramin babu komai, su ne tsini da makunni. Sai a soka fulogi, ƙarar ta ɗauke, a kuma duba wace ƙafa ce a cikinsu ta haɗu da tsinin fulogin. Ɗayar ita ce makunni.

Da wannan ƙafa ake yin haɗin ɓoye. Misali, ana iya kai siginar osileta zuwa ƙafar makunni ta mashigar filta, ta yadda sautin zai riƙa wucewa da kansa har sai mai kiɗa ya soka wata waya ya yanke shi. A kan wannan dabara aka gina ARP 2600 ta 1971, wadda take kiɗa ko da ba a soka mata waya ko ɗaya ba. A mashigar da ba a shirya mata haɗin ɓoye ba, yawanci ana haɗa ƙafar makunni da layin ƙasa don kada mashigar ta zauna a sake tana tsintar hayaniya. A mafita kuwa a bar ta haka nan, domin haɗa ta da layin ƙasa yana nufin mafitar za ta kasance cikin shot duk lokacin da babu waya a ciki. Tun da bambancin farashi kaɗan ne, ya fi a sayi mai makunni gaba ɗaya, a yi watsi da ƙafar a inda ba a bukatarta.

Shin soka waya alhali na'ura tana kunne ba ya ƙona komai?

Ba ya ƙonawa idan an gina mafita yadda ya kamata. Lokacin da fulogi yake shiga, tsininsa yakan goga bakin jak, wanda yake haɗe da layin ƙasa, don haka kowace sokawa tana iya zama shot na ɗan lokaci ga sashen da ke ɗaya ƙarshen wayar. Maganin da aka saba shi ne rezista mai om 1,000 tsakanin da'ira da jak ɗin mafita. Ko da siginar ta kai volt 10, abin da zai gudana bai wuce miliamfiya 10 ba, kuma ƙananan amfilifayoyi irin su TL072 suna jure wannan. Ita ce kuma take ba da kariya idan aka yi kuskure aka haɗa mafita da mafita.

Rezistar tana da illa guda da ya kamata a sani. Mashigar sassa yawanci om 100,000 ce, saboda haka kusan kashi 1 cikin 100 na siginar yana zubewa a hanya. Ga sauti wannan ba komai ba ne. Ga siginar da ke sarrafa tsayin murya kuwa, inda volt 1 yake daidai da oktaf guda, wato tazarar da kaɗawar sauti ke ninkawa biyu, asarar ta kai kimanin senti 12 a kowace oktaf, kuma senti 100 ne ke yin rabin mataki, wato tazarar maɓallai biyu maƙwabta a jikin fiyano, don haka a tazarar oktaf biyar kuskuren ya haura rabin wannan rabin matakin. Idan aka raba siginar zuwa osileta uku da waya zalla, asarar ta ninka kusan sau uku. Shi ya sa ake sa rezistar irin wannan mafita a cikin zagayen amfilifayar, ko a raba siginar da sashe mai amfilifaya a kowace mafita.

Waɗanne samfura ne aka fi amfani da su?

A ɓangaren 3.5, wanda ya mamaye aikin gida shi ne PJ398SM, da ɗan'uwansa PJ301M-12, waɗanda ake ƙerawa a Sin kuma aka fi sani da Thonkiconn saboda shagon Thonk na Ingila da ya yaɗa su. Suna tsayawa a tsaye a kan allo, suna da makunni, ramin da suke bukata a fuska milimita 6 ne, kuma tsayinsu ya yi kusan daidai da na ƙananan maɓallan murɗawa na milimita 9, abin da ya sa allo guda yake iya ɗaukar su duka. A ɓangaren 6.35 akwai na Switchcraft na Amurka, kamar 12A mai buɗaɗɗen jiki da 112A mai rufi, dukansu masu makunni, da kuma na Neutrik da reshensa Rean. Ramin irin na Switchcraft kimanin milimita 9.5 ne. Ko wanne aka zaɓa, a fara samun jak ɗin a hannu a auna shi kafin a huda ko rami ɗaya, domin samfura masu kama da juna sukan bambanta a jerin ƙafafu da tsawon wuya.

Na ga ana maganar Tini-Jax. Ba shi ne 3.5 ba?

A'a. Wani nau'in ƙaramin jak ne daban, mai kaurin inci 0.141, kimanin milimita 3.58, kuma shi ne ke jikin na'urorin Buchla da ARP 2600 ta asali. Fulogin 3.5 yana yin sako-sako a cikinsa, nasa fulogin kuwa yana iya buɗa harshen jak na 3.5 har ya daina riƙo. Wanda ba gyaran waɗannan na'urori yake yi ba, ba shi da bukatarsa.

Wuyan ƙarfe ko na roba?

Jak mai wuyan ƙarfe yana haɗa fuskar alminiyam da layin ƙasa, fuskar kuma ta zama kariya daga hayaniya. Sai dai kada a dogara da fuskar ta zama ita ce hanyar layin ƙasa, domin fenti da rufin da ake yi wa alminiyam ba sa wuce da wuta, noti kuma yana kwancewa da tafiyar lokaci. A ja waya ta gaske zuwa ƙafar gangar jiki ta kowane jak. Mai wuyan roba yana da amfani a mafita ta ƙarshe, inda ake son raba layin ƙasa na na'urar da jikin akwati don kauce wa gurnanin wutar gida, amma zarensa yana saurin lalacewa idan aka matsa noti da ƙarfi.

Yaya ake ɗora su don kada su karye daga baya?

Yawancin jak da ke mutuwa a kan allo ba jak ɗin ne ya lalace ba, dalmar ƙafarsa ce ta tsage, kuma tushen abin shi ne an liƙa kafin a ɗaure. Tsarin da ya dace shi ne a jera jak da maɓallai a ramukan allo ba tare da dalma ba, a kifa fuska a kansu, a ɗaura kowane noti da yatsa, a juya a duba ko duk sun zauna daram, sannan a liƙa ƙafa ɗaya ta kowanne, a sake dubawa, a ƙarasa sauran. Ta haka nauyin soka da zarewa yana sauka a kan noti da fuska, ba a kan dalma ba. Wajen matsa noti a guji filaya, domin da ta zame sau ɗaya za ta bar zane mai lanƙwasa a kewayen ramin wanda ba ya gogewa; a nemi ƙaramin soket na sifana, a manna masa salatif a baki.

Zafi ma abin lura ne. Jikin jak roba ne, idan ƙarfen dalma ya daɗe a kan ƙafa sai robar ta yi laushi, harshen ya goce daga mazauninsa, makunnin ya daina rufewa. Daƙiƙa biyu zuwa uku sun isa. Ga babban jak da ake liƙa wa waya, soka fulogi a ciki lokacin liƙawa yana shanye zafi, yana kuma riƙe harsunan a wurinsu.

Shin jak mai rufin zinariya ya cancanci kuɗinsa?

A wannan aiki, a'a. Siginar tana da ƙarfi, kuma gogayyar yau da kullum tana cinye siririn rufin. Rufin nikel ya wadatar. Abin da ya cancanci a biya shi ne ƙarfin harshen da ke danne tsinin fulogi, wanda ake ganewa da ƙaramar ƙarar kamawa da ake ji a yatsa idan fulogi ya kai ƙarshe.

A wurin da ƙura take da yawa, me za a yi?

Ƙura ta fi cutar da makunnin da ke cikin jak fiye da tsinin, domin fulogi yana goge harshen tsini duk lokacin da ya shiga, amma babu abin da ke goge mahaɗar makunni. Alamar ita ce haɗin ɓoye ya riƙa yankewa ko yana ƙarce-ƙarce, ya dawo idan an soka waya an zare. Ga wanda ke zaune inda hazon hunturu yake sauka, jak mai rufaffen jiki ya fi mai buɗaɗɗe, kuma rufe na'urar da ƙyalle bayan aiki ya fi kowane magani, musamman akwatin da fuskarsa ke kallon sama. Wajen tsaftacewa a ɗiga sinadarin aisofurofil ko maganin wanke mahaɗar lantarki a jikin fulogi, a soka a zare sau da yawa, bayan an kashe wuta. Kada a fesa man da ake sa wa ƙarfe mai tsatsa, domin maiƙonsa yana tara wata ƙurar.

Zan iya haɗa na'urata kai tsaye da miksa, ko da wata mai jak daban?

Tsakanin 3.5 da 6.35, waya mai fulogi daban-daban a ƙarshenta biyu ta isa, kuma ta fi adafta mai tauri, wadda nauyinta yake lanƙwasa ƙaramin jak. Tsakanin banana da sauran kuwa sai an ƙara haɗa layin ƙasa. Abin da waya ba ta gyarawa shi ne ƙarfin sigina. Sautin Eurorack yana kaiwa kimanin volt 10 daga ƙololuwa zuwa ƙololuwa, alhali ma'aunin layi na kayan situdiyo kimanin volt 3.5 ne a wannan awo, na kayan gida kuma bai kai volt 1 ba. Saboda haka ya dace a gina ƙaramin sashen mafita mai maɓallin rage ƙarfi da kafasita mai tare wutar da ba ta kaɗawa, wato DC, a sa masa babban jak ko da sauran na'urar duk ƙanana ne, don wayar da ke tafiya zuwa miksa ita ce aka fi yin tuntuɓe da ita.

Guda nawa ya kamata in saya a karon farko?

A zana fuskokin a takarda a ƙirga. Osileta guda takan ci jak bakwai ko takwas, filta biyar ko shida, amfilifaya uku ko huɗu, kuma idan aka ƙara sashen da ke tsara tashi da saukar sauti, da osileta mai jinkiri, da miksa, da mai raba sigina, murya guda tana iya kaiwa jak arba'in. A fara sayen biyu ko uku a gwada su da ainihin wayoyin da za a yi amfani da su, domin wani fulogin kafaɗarsa tana tokarar noti kafin tsini ya kai mazauninsa. Idan sun dace, sai a sayi adadin da aka ƙirga da ƙarin kashi ɗaya cikin goma, duk samfuri ɗaya daga wuri ɗaya, tare da rarar noti da wosha.